Kuɗin tallafin yara 'yan makaranta: wa ke samu, da wane sharaɗi?

'Yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan sukan tambaya ko gwamnati na biyan wani abu a kan yaran da suka bari gida suna karatu. Gaskiya Najeriya ba ta da kuɗin da ake ba kowane yaro irin na Ingila, inda ake biyan iyaye har yaro ya kai shekara 16, ko 20 in bai bar karatu ba. Namu guntu-guntu ne.

Wanda ya fi shafar mutanen Maiduguri shi ne AGILE, shirin da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500. Borno na cikin jihohi bakwai na farko, tare da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi, Filato da Ekiti. Ana ba gidaje marasa ƙarfi kuɗi don 'ya'yansu mata su shiga sakandare, da sharaɗin yarinya ta riƙa zuwa aji. Uwa ko mai riƙonta ke karɓa, a jihar da take karatu. Kai da ke Kudu, naka shi ne ka tabbatar sunanta na rajistar makaranta.

A Kasuwar Litinin ake ganin amfanin sharaɗin. Gobara ta ci kasuwar a Fabrairun 2023, ambaliyar dam ɗin Alau ta biyo baya a Satumban 2024. Idan jari ya karye, yarinya ake fara cirewa daga aji a ɗora mata tiren talla. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, na san wannan lissafin: kuɗin talla kullum yana shigowa, na tallafi sai an jira. Amma in ta daina zuwa aji, tallafin ma ya tafi.

Akwai kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. In ma'aikaci ya rasu sanadin aiki, ana biyan 'ya'yansa duk wata har su kai 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Irinmu 'yan kara ba mu ciki, tunda ba albashi muke ci ba. Amma masu gadi da direbobin kamfanoni a Legas da Fatakwal, ku tambayi masu gidanku ko suna zuba kashi 1 cikin 100 na albashi da dokar ta ɗora musu.