Kunya Da Hankali A Wajen Kakanninmu

Masu ilmin halin ɗan Adam na Turai sun saba auna mutum shi kaɗai, su zaunad da shi su tambayi abin da ke ransa. Kakanninmu na ƙasar Danja ba haka suke awo ba. Kafin su ce wane yana da hankali, sai sun duba zamansa da surukinsa, da fitowarsa ran gayya, da abin da ya yi da amanar da aka ba shi.

Shaida mafi kusa da mu ita ce ta Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Tsakanin 1949 da 1950 ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin zamanta na duniya a Giwa, nan kusa da mu ta gefen Zariya, aka buga shi a 1954. A ciki akwai zancen kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yaye shi kuwa sau da yawa kaka ko gwaggo ce za ta ɗauke shi riƙo. Baƙo ya gani sai ya ce ƙiyayya ce. Alhali kuwa so ne aka rufe da kara, kuma kowa a gidan ya sani. Da ta rungume shi a tsakar gida, da sai a ce ba ta da ta ido.

A 1974 Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa, ya buga ɗan littafi a kan mutumin kirki, ya lissafa halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mu dai abin da muka lura, kusan dukkansu ba sa bayyana sai a cikin jama'a.

Ba mu kaɗai ba ne. Maori, watau mutanen asali na Niyu Zilan, likitansu Mason Durie ya kwatanta lafiya a 1984 da ɗaki mai bango huɗu: jiki, tunani, ruhi da dangi, don asibitocin Turawa sun bar biyun ƙarshe a waje. To, mu ma in amarya daga ƙauyen Danja ta zo asibiti, ta sunkuyad da kai, ta ƙi faɗin sunan mijinta, likitan da bai san kunya ba yana iya rubuta mata ciwon da ba ta da shi.