Sarakunanmu da ke Kwance a Lakwaja

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Ikko da Fatakwal da Anaca sun san Lakwaja a matsayin zango, inda direba kan tsaya a yi salla a ci abinci kafin a haye gadar Murtala ta Jamata a fuskanci gida. Kaɗan ne suka san cewa a cikin garin nan, galibi a unguwar Kabawa, akwai kaburburan waɗansu manyan sarakunan Arewa waɗanda Turawan mulkin mallaka suka tuɓe, suka kawo su nan suka tsare, har ajali ya cim musu. Cikinsu akwai Sarkin Kano, da Sarakunan Zazzau har biyu, da Sarkin Gwandu, da Etsu Nupe na Bida.

Turawa ba su zaɓi Lakwaja a banza ba. Gari ne da ke mahaɗar kogin Kwara da na Binuwai, jiragen ruwansu na zuwa har bakin gaɓa, kuma a nan ne Gwamna Lugga ya sa aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900, ya shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyarsu. Ko bayan da hedikwata ta koma Zungeru, daga baya Kaduna, Lakwaja ta ci gaba da zama barikin soja. Sarkin da aka ajiye a nan yana ƙarƙashin idon Bature, ya yi nisa da talakawansa, ga zafi da danshi irin wanda mutumin Kano ko na Birnin Kebbi bai saba da shi ba.

Wanda sunansa ya fi fita a cikinsu shi ne Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Maisango, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, kuma jikan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ta wajen uwa. Da takobi ya hau gadon sarauta a 1894, a tsakiyar Yaƙin Basasa tsakanin Yusufawa da Tukurawa, sannan ya yi ta fama da hare-haren Damagaram. Abin da Turawa suka fake da shi wajen far masa shi ne maganar Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Maloni a watan Oktoban 1902, ya gudo Kano, Alu kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da sojojin Turawa suka fasa ganuwa suka shiga birni, Sarki ba ya gari, ya tafi Sakkwato gaisuwa da mubaya'a. A kan hanyar dawowa labari ya riske shi. Ya rabu da rundunarsa da dare ya yi arewa, ɗan uwansa Waziri Ahmadu ya ja sauran jama'a suka gwabza da Turawa a Kwatarkwashi, inda Wazirin ya yi shahada, Wambai Abbas kuma ya komo Kano aka naɗa shi Sarki. An kama Alu a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga can aka dawo da shi Lakwaja.

Har yau ana jayayya a kan wancan dare. Waɗansu na cewa gudu ya yi ya bar mutanensa, waɗansu na cewa hijira ya nufa zuwa gabas, kamar yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi bayan faɗuwar Sakkwato, har ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar. A ganina, mai yanke masa hukunci ya kamata ya fara duba lissafin shekarunsa. Mulkinsa bai cika shekara 10 ba, amma ya yi shekara 23 a tsare kafin Allah ya karɓi ransa a 1926, shekarar da Abdullahi Bayero, ɗan Abbas, ya hau karagar Kano. Tun daga ranar da aka tafi da shi, babu wani daga zuriyarsa da ya sake zama Sarkin Kano.

Labarin Zazzau ya fi ban mamaki, domin wanda aka tuɓe da wanda aka naɗa a madadinsa duk ƙasa ɗaya ta rufe su. Sarki Kwasau, daga gidan Barebari, ya hau mulki a 1897. Shi da kansa ya nemi taimakon Turawa sa'ad da Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya addabi ƙasarsa. Suka zo, suka kama Nagwamatse, suka kuma kafa sansani a Zariya, ba su sake fita ba. Kafin shekarar 1902 ta ƙare sun tuɓe shi sun fitar da shi daga ƙasarsa, ya ƙarasa rayuwarsa a Lakwaja.

Aliyu Ɗan Sidi, daga gidan Mallawa, shi Lugga ya naɗa a 1903. Ya yi shekara 17 yana aiki da Turawa, a zamaninsa aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya zuwa Kano, kuma a kan wannan aiki ne ya tsara Waƙar Diga. Malami ne, mawaƙi ne wanda har gobe ake nazarin waƙoƙinsa a jami'o'inmu, mutum ne kuma mai jin kansa, wanda Razdan bayan Razdan suka kasa tanƙwarawa yadda suke so. A 1920 suka tara masa tuhume-tuhume, har da na cinikin bayi, suka sauke shi. Ya rasu a Lakwaja a 1924. Gidan Mallawa bai sake ganin sarautar Zazzau ba sai a 2020, da aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli, wato bayan shekara 100 cif.

Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru kuwa guguwar Satiru ce ta tafi da shi. A watan Fabrairun 1906 mutanen wannan ƙauye na kusa da Sakkwato suka yi tawaye suka kashe Turawa 3, aka zarge shi da cewa zuciyarsa na tare da su, aka tuɓe shi aka naɗa Haliru Abdu. Etsu Abubakar na Bida shi ya riga su duka ɗanɗana bindigar Bature, tun 1897 da sojojin Kamfanin Kwara suka ci garinsa. Ya koma ya karɓe sarautarsa, aka sake korarsa a 1901, daga bisani shi ma aka kawo shi nan.

Duk wanda ya jera waɗannan sunaye zai lura cewa Bature bai bambanta wanda ya yaƙe shi da wanda ya kira shi da wanda shi da kansa ya naɗa ba. Da zarar sarki ya zame masa ƙashin kifi a wuya, hanyar Lakwaja ce. Abin takaici, al'adar ba ta bi Turawa gida ba. An kai Sarkin Kano Muhammadu Sanusi Azare a 1963, an kai Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi Zing a 1996, an kai Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo jihar Nasarawa a 2005, haka nan Muhammadu Sanusi na biyu a 2020, kafin kotun tarayya ta yanke hukunci a 2021 cewa korar tasa daga Kano ta saɓa wa tsarin mulki.

Akwai wani bambanci da mai ziyara zai gani da idonsa. A Lakwaja akwai maƙabartun Turawa, inda sojoji da 'yan mishan da ma'aikatan kamfani ke kwance, mafi yawansu da dutse a kansu, an rubuta suna da muƙami da ranar mutuwa, har baƙon da ya zo daga Ingila yana iya gane kakansa ba tare da ya tambayi kowa ba. Mu kuwa ba al'adarmu ba ce ƙawata kabari, addini ma bai so hakan ba. Saboda haka abin da ke riƙe da sunan mamacinmu shi ne bakin dattijon unguwa da ke cewa wannan na wane ne, wancan na wane. Dattawan da suka ga Alu da Ɗan Sidi da idonsu duk sun shuɗe, yanzu daga bakin jikoki ake ji, gari kuma sai cika yake yi tun da ya zama babban birnin jihar Kogi a 1991, gidaje na ta matse duk wani fili.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: katanga mai ƙarfi, da allo a bakin ƙofa mai ɗauke da suna da shekarun sarauta da shekarar rasuwa, da rubuta abin da dattawan Kabawa suka gada tun suna da rai. Wannan aiki ne da masarautun Kano da Zazzau da Gwandu da Bida suka fi kowa cancantar ɗauka, amma bai fi ƙarfin 'yan ƙasa mazauna birane ba, waɗanda ke ratsa garin nan duk Salla. Wanda ya samu sarari a tafiyarsa ta gaba, ya ratse cikin tsohon gari, ya tambayi fadar Maigarin Lakwaja, a haɗa shi da wanda zai raka shi ya yi musu addu'a. Allah ya jiƙansu da rahama.