Rajistar Waɗanda Suka Riga Mu: Yadda 'Yan Makarantar Kwana Ke Tuna Mamatansu a Kudancin Katsina

Duk taron tsofaffin ɗalibai da ake yi a wannan yanki namu, daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, ba a taɓa maganar kuɗi ko zaɓen shugabanni sai sakatare ya miƙe ya karanto sunayen waɗanda suka rasu tun bayan haɗuwar ƙarshe. Kowane suna ya faɗa, zauren ya amsa da "Allah ya jiƙansa", a ƙarshe a shafa Fatiha. Na daɗe ina riƙe da littafin irin waɗannan sunaye na 'yan ajinmu, kuma na ga yadda al'adar ta sauya a hannunmu. Asalinta ya girme mu nesa ba kusa ba.

Tushen abin yana birnin Katsina. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Tun farko duk yaron da aka ɗauka ana ba shi lamba bisa jerin shigowa, lambar kuma ba ta komawa kan wani ko bayan ransa. Sardauna Ahmadu Bello shi ne mai lamba 87, Abubakar Tafawa Ɓalewa mai lamba 145. Da aka kashe su a juyin mulkin Janairun 1966, ƙasa ta yi makokin Firimiya da Firayim Minista, amma tsofaffin kwalejin sun yi kukan mutanen da suka ci abinci tare da su suna samari. Makarantar ta kuma koya mana sa wa gidajen kwanan ɗalibai sunayen magabata, kamar gidan Bello Kagara, marubucin Ganɗoki wanda ya koyar a kwalejin tun tana Katsina. Yaro zai shekara biyar yana ambaton sunan mutumin da bai taɓa gani ba, har wata rana ya tambayi ko wane ne.

Mu 'yan kudu wannan alheri bai iso mana da wuri ba. A zamanin En'e, yaron da ya yi fice a elemantare sai a tura shi Midil a Katsina, sau da yawa da umarnin hakimi, uwa na kuka kamar an yi mata rasuwa. Daga waccan makaranta, wadda ta zama Sakandaren Lardi, aka samu su Shehu Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari. Sai da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, buƙatar malamai da sakandare ta taso, makarantun kwana suka fara yawaita kusa da mu. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 abin ya ƙara bunƙasa. Ɗan manomin auduga daga Sabuwa, da ɗan makiyayi daga gefen Dajin Rugu, da ɗan ɗan kasuwa daga Funtuwa, suka wayi gari a ɗaki ɗaya.

Wanda bai yi makarantar kwana ba yakan yi mamakin yadda mutuwar ɗan aji ke girgiza dattijo mai jikoki. Dalilin yana cikin akwatin ƙarfe. Uwa ta cika shi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ƙanzo da yaji, ta ce a yi tattali. Mako uku bai cika ba akwatin ya zama wayam, sai ka koma kan na maƙwabcin gadonka, shi ma wani zangon ya dawo kan naka. Tare aka sha gabza, tare aka ɗebo wa siniyoyi ruwa da asubar fari cikin hunturu, tare aka yi karatun dare da fitilar ƙwai idan wuta ta ɗauke. Wanda zazzaɓi ya kayar, abokinsa ne ke karɓo masa abinci ya rufe da littafi kada ƙuda ya taɓa. Mutumin da ya san ka a wannan hali ya san ka fiye da yawancin danginka, shi ya sa Bahaushe ya ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.

Amma a da, ko ba a ɓoye ba, labarin yakan makara. Ana gama makaranta kowa ya kama gabansa: wannan jami'a a Zariya, wancan aikin soja, wani ya koma gona. Sanarwar rasuwa sai ta Rediyon Kaduna, ko wasiƙa, ko a haɗu a tasha a ce, "Ashe ba ka ji ba? Ai wane ya shekara biyu da rasuwa." Akwai waɗanda har yau babu mai iya faɗin shekarar da suka tafi. Shigowar wayar salula a 2001 ta rage wannan, daga baya zaurukan WhatsApp suka haɗa kowane aji wuri guda. Yanzu kafin a sa gawa a makara hoton mamaci ya zaga Legas da Abuja, 'yan aji na kusa sun kama hanya don su samu jana'iza, na nesa sun turo gudummawa.

Idan ka buɗe littafin namu ba za ka ga sunan da ya shiga jarida ba. Akwai hedimastan da ya yi shekaru yana zuwa ƙauye a kan keke, akwai malamin asibitin da ya raba maganin maciji da tsakar dare, akwai malamin gona, da direba, da limami. Su ne suka riƙe ƙananan hukumomin nan, kuma ban da iyalansu, mu kaɗai muka san darajarsu. A shafukan farko, abin da aka rubuta a gaban suna shi ne haɗarin mota, ko sanƙarau, ko doguwar jinya. A shafukan baya-bayan nan rubutun ya canza: an tare shi a hanya, an same shi a gona, an tafi da shi daji bai dawo ba.

Daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan yara daji da ƙafa. Ranar 17 ga wata Allah ya kuɓutar da 344. Wasu wuraren ba su yi wannan sa'a ba: a Buni Yadi ta Jihar Yobe, a Fabrairun 2014, an kashe ɗalibai da dama a ɗakunan kwanansu. Gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya rufe makarantun kwana na jiha bayan abin da ya faru a Ƙanƙara, kuma ko da aka sake buɗe wasu, iyaye da yawa ba su yarda sun mayar da 'ya'yansu ba. A 2021 aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Cikin waɗancan watanni mun koma zamanin da: an binne abokanmu ba mu sani ba, sai da sabis ya dawo muka yi ta'aziyya a tare.

Wannan ne ya sa na daina ɗaukar karanta sunaye a matsayin buɗe taro kawai. Aiki ne da ke kanmu. Kowane aji ya kamata ya rubuta cikakken sunan mamacinsa, da garinsu, da aikin da ya yi, da ranar rasuwarsa, a ajiye kwafi a makaranta, domin saƙon waya yana ɓata da ɓatan waya. Sannan a duba bayan da ya bari. Na ga ajin da ke yin karo-karo duk wata, ya biya wa marayun ɗan ajinsu kuɗin jarrabawa, ya kai wa uwarsu buhun masara kafin azumi, kuma wakilai biyu suka je da ƙafarsu suka zauna a zaure suka ce, "Mu ƙannen babanku ne." Yaron da ya ji haka ya san mahaifinsa ya yi zaman arziki da mutane.

Sai kuma makarantun kansu. Idan suka mutu saboda tsoro, zumuncin da ya haɗa ɗan Faskari da ɗan Daura zai tsaya a kanmu. Tsofaffin ɗalibai suna da baki a wurin hukuma, kuma cikinmu akwai manya. Su matsa a yi katanga, a sa masu gadi na gaskiya, a gyara rijiya da ɗakin kwana, har uwa ta iya cika wa ɗanta akwati hankalinta kwance. Wannan sadaka ce mai gudana da za mu yi da niyyar ladan ya kai ga waɗanda suka riga mu.

Allah ya jiƙansu da rahama, ya raya abin da suka bari, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, mu kuma ya kyautata namu zuwan.