Ciwon sukari na goyon ciki

ciwon sukari na goyon ciki (sn., nj.) Hauhawar sukari a jinin mace wanda ake fara ganowa lokacin da take da juna biyu. Sinadaran da mabiyiya ke fitarwa ne ke rage ƙarfin aikin insulin a jikinta. Ya fi kama mai ƙiba, da wadda ake da ciwon a danginta, da wadda ta taɓa haihuwar jariri mai nauyin fiye da kilo 4.

Sau da yawa ba ya nuna alama, shi ya sa ake gwaji wajen awo tsakanin mako 24 da 28: mace ta kwana ba ta ci komai ba, a ɗebi jininta, ta sha giram 75 na gulukos, a sake aunawa bayan awa 1 da awa 2.

Ana shawo kansa da rage tuwo, shinkafa da lemon kwalba, da ƙara wake da ganye, da tattaki bayan cin abinci. In sukarin bai sauka ba, likita ya ba da metformin ko allurar insulin. In aka yi sakaci, jariri kan yi girman da zai wahalar da naƙuda. Ciwon yakan wuce bayan haihuwa, amma a sake gwaji bayan arba'in.

*Misali:* "Yaya, kada ki fasa zuwa awo, can ake gano ciwon sukari na goyon ciki."