Nahawu da Manɗiƙi: Muhawarar Bagadaza da Abin da Ya Biyo Bayanta

A wajen shekara ta 932 Miladiyya, waziri Ibnul Furat ya tara malamai a majalisarsa a Bagadaza, ya nemi wanda zai ja da Matta ɗan Yunusa, wani Kirista masanin manɗiƙi, mai cewa ba a rarrabe gaskiya da ƙarya sai da ma'aunin Aristo. Abu Sa'id Sirafi, malamin nahawu, shi ya amsa kiran.

Hujjar Matta ita ce hankali ɗaya ne ko'ina, domin huɗu da huɗu takwas ne ga kowace al'umma. Saboda haka ma'ana ce abin nema, lafazi kuwa na mai nahawu ne. Sirafi ya ce manɗiƙin nan ba kome ba ne face nahawun Yunanawa, alhali Matta bai iya Yunananci ba, daga Suryananci yake fassara. Sa'an nan ya tambaye shi ma'anonin harafin wawu, Matta ya kasa. Sai dai a lura, Abu Hayyan Tauhidi, wanda ya rubuta labarin, almajirin Sirafi ne, ba kuwa a sa ran almajiri ya kayar da malaminsa.

Abin ya wuce gasar malamai. Alƙur'ani da Larabci ya sauka, kuma hukunci yakan rataya ga harafi guda. Alal misali, harafin ba'un da ke cikin ayar alwala yana cikin dalilan da suka sa Malikawa suke shafar kai duka, Shafi'awa kuwa suka wadatu da sashensa. Wanda ya raina lafazi, ta ina zai gane nufin Ubangiji?

Abin mamaki, Sufi ne ya buɗe wa manɗiƙi ƙofa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya shi a gabatarwar Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙihu, kuma da ya zo sharhin sunayen Allah kyawawa, sai ya fara da bambance suna da mai suna kafin ya shiga zancen gyaran zuciya.

Gardamar ba ta mutu ba. Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya haramta manɗiƙi. Shehu Magili, baƙon Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya mayar masa da martani a waƙe, yana kare shi.