FASHIN BAƘI: Yadda jirgin ƙasa ya raya Ƙaura Namoda, da abin da ya biyo bayan tafiyarsa

Matasan Ƙaura Namoda da dama sun tashi suna ganin tashar jirgin ƙasa a garinsu ba tare da sun taɓa shiga jirgin ba. Amma wannan tasha ce ta mayar da garin cibiyar kasuwancin arewacin Zamfara, kuma mutuwarta na cikin dalilan halin da Ƙaura, Shinkafi da Zurmi suke ciki yau.

Kafin zuwan dogo

An kafa Ƙaura Namoda a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sunan garin ya samo asali daga Namoda, jarumin Fulanin Alibawa wanda ya jagoranci mayaƙan jihadi a ƙasar Zamfara. Zurmi ita ce tsohuwar mazaunin Alibawa. Tattalin arzikin yankin a lokacin ya dogara ne a kan noma a bakin gulaben Gagare da Bunsuru, da kiwo, da fatauci a bayan jakuna da raƙuma.

Shekarun gyaɗa da auduga

Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, Turawan mulkin mallaka sun ga yadda gyaɗa ta cika taragu. Sai suka ja wani reshe daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929.

Kasancewar garin ƙarshen layi shi ne sirrin bunƙasarsa. Duk manomin Zurmi, Moriki, Shinkafi ko Isa da ke son kayansa su kai bakin teku, sai ya kawo su Ƙaura. Haka ma fataken da ke gangarowa daga ƙasar Nijar da shanu da fatu. Kamfanonin Turawa da suka mamaye sayen amfanin gona a Arewa sun riƙa aiki ta hannun wakilai da dillalai. Aka samu ma'auna, 'yan dako, masu ɗinkin buhu da masu sayar da abinci. Ma'aikatan jirgi daga Kudu suka zo suka zauna tare da iyalansu.

Sai dai akwai rauni tun daga tushe. Aikin Ƙaura shi ne tara ɗanyen kaya a ɗora a tarago. Gurzar auduga da saƙa sun tafi Gusau da Funtuwa, har aka kafa masaƙar Zamfara a Gusau cikin shekarun 1960. Ribar gyaɗa kuwa ta riƙa shiga asusun hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda ke yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, gwamnati ta yi amfani da rarar a wasu wurare. Arziki ya riƙa ratsa garin yana wucewa, kaɗan ne ya zauna.

Yadda kasuwar ta watse

Faɗuwar ta zo ne daki-daki. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun kori ƙwararrun ma'aikatan jirgi da yawa daga Arewa. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki, sannan annobar cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. A daidai lokacin kuɗin man fetur suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma, Najeriya ta daina fitar da gyaɗar da ta yi fice da ita a duniya.

Gwamnatoci suka karkata ga kwalta, tireloli suka ƙwace kayan da jirgi ke ɗauka, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta shiga bashi da rashin kayan gyara. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a ƙarƙashin shirin SAP. Daga baya masaƙun Arewa suka riƙa rufewa, saboda tsadar wuta da kwararowar atamfofin waje, mai noman auduga ya rasa mai saye.

Abin da ya maye gurbin tasha shi ne albashin gwamnati. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda a 1983, sannan aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Ɗalibai da ma'aikata sun raya gidajen haya da ƙananan shaguna, amma ba su samar wa dubban matasan karkara aikin yi ba.

Kasuwa a tsakiyar rikici

Shinkafi ta ci gaba da rayuwa da babbar kasuwarta ta mako, inda ake hada-hadar dabbobi da hatsi da baƙi daga Nijar. Zurmi kuma ta dogara da hanyar Jibiya da cinikin kan iyaka. Waɗannan hanyoyi ne 'yan bindiga suka riƙe wa wuya. Rikicin da ya faro daga satar shanu da ramuwar gayya tsakanin makiyaya da 'yan sa-kai ya koma garkuwa da mutane da ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi. Bello Turji ya yi ƙaurin suna a dazukan Shinkafi.

Matakan gwamnati ma sun taɓa aljihun talaka. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. A Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da kasuwannin mako da safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. A 2022 aka tuɓe Sarkin Zurmi bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Manyan garuruwan sun cika da 'yan gudun hijira, jama'a na ƙaruwa, gonakin da ake iya zuwa na raguwa.

Ina aka kwana kan farfaɗowa?

A zamanin Shugaba Goodluck Jonathan an bayar da kwangilar gyaran layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda, amma zirga-zirgar da aka sani a da ba ta dawo ba. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ya bi ta Daura, Katsina da Jibiya ne. Idan ya fara aiki, kayan Nijar da suka taɓa raya Ƙaura za su sami wata ƙofar.

Duk da haka akwai dama biyu. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi ikon gina layin dogo da gudanar da shi, don haka batun bai tsaya a hannun Abuja kaɗai ba. Sannan Zurmi na maƙwabtaka da Jibiya, hanya mai kyau da tsaro za ta iya haɗa yankin da sabon layin.

Tarihin garin ya nuna cewa tasha ba ta rayuwa sai da kayan da za a loda, kaya kuma ba sa samuwa sai manomi ya je gona ya dawo lafiya. Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo da alkawarin dawo da jirgi, akwai tambayoyin da ya kamata masu zaɓe su yi masa: wa zai tsare hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi, nawa aka ware wa aikin a kasafin kuɗi, kuma a wane gari za a sarrafa gyaɗar da audugar a wannan karon?