Takunkumi

takunkumi (suna, namiji, jam'i: takunkumai)

1. Abin da ake saƙawa da igiya ko kaba a ɗaura wa jaki ko raƙumi a baki, don kada ya yi cizo ko ya kai baki cikin amfanin gonar mutane. A zamanin korona an ari sunan ga ƙyallen rufe baki da hanci.

2. A siyasar duniya, horon da ƙasa ko ƙungiyar ƙasashe ke yi wa wata gwamnati, sau da yawa bisa zargin take haƙƙin ɗan Adam: a hana ta sayen makamai, a riƙe kuɗin manyanta a bankuna, a hana su biza. Ana cewa an *ƙaƙaba* shi, an *sassauta*, an *ɗage*. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta sayar wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu makamai. A 1986 majalisar Amurka ta ƙara nata, duk da Shugaba Reagan ya hau kujerar na-ƙi. Da gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a 1995, Turai ta hana hafsoshin Najeriya biza, amma man fetur ba wanda ya daina saye. Nan gizo ke saƙar, domin ba kasafai ake ɗaura wa aminiya ko mai abin sayarwa ba. Wanda ECOWAS ta sa wa Nijar bayan juyin mulkin 2023 kuwa, talakan Maraɗi da ɗan kasuwar Jibiya ne suka fi jin jiki.